Maraƙin Guntuwa

Jaye ya haura shekara sittin, kuma tun tasowarsa a Gidan Sori yake tare da shanu, har yana ganin babu abin da ya rage a faɗa masa game da saniya. Nasa huɗu ne, ƙanana, irin na gida masu jure yunwa amma ba jiki.

Bayan girbin gero, maigari ya tara mutane ya ce gwamnati ta fito da tsarin kyautata irin shanu don nama ya wadata a ƙasa. Likitar dabbobi za ta zo daga Gidan Rumji, ta sa saniya ta ɗauki ciki ba tare da sa ya hau ta ba. Aka tuntsire da dariya. Jaye bai yi niyyar zuwa ba, sai matarsa Lantana ta ce, "Malam, ka kai Guntuwa mana. Shekara biyu ba ta haihu ba, mi za mu rasa?"

Likitar, Madam Rakiya, ta fara zuwa ta dudduba shanu, ta yi wa Guntuwa allura, ta maƙala mata lamba a kunne, ta ce a ware ta daga bijimai. Ranar da ta ajiye, ta dawo da hantsi ɗauke da wani tulun ƙarfe a bayan mota. Tana buɗe shi, farin hayaƙi ya tuɗo, ya gangaro ƙasa maimakon ya tashi sama. Jaye ya miƙa hannu.

"Kar ka taɓa, Baba! Sanyinsa ƙuna gare shi."

Ya janye hannun yana kallon tulun. Rana tana dukan ƙeya, ga kuma sanyi mai ƙona mutum a rufe cikin ƙarfe. Rakiya ta zaro wani ɗan siririn abu, bai fi tsinken tsintsiya ba.

"Ɗiyata, to ina san yake?"

"Irinsa na cikin wannan, Baba." Ta nuna masa hoto a wayarta: jan sa irin shanun Azawak, ƙirji faffaɗa, tozo ya kwanta gefe don nauyi.

"Wane gari yake? In je in gan shi da idona."

"Ai ya mutu. Shekara uku ke nan."

Sai da ta gama sa wa Guntuwa irin tana wanke hannu, Jaye ya ce, "Yanzu mataccen sa shi za ya haihu a garkena?"

"In Allah ya yarda. Sanyin nan ne ke tsare irin."

Ya koma gida. Ya kafa wa Guntuwa turke a tsakar gida, harawa da dusa da hannunsa yake ba ta, ko rijiya bai bari an kai ta ba, don kada gobe wani ya ce bijimin maƙwabta ne. Bayan wata uku Rakiya ta zo ta duba, ta ce ciki ya zauna.

Tsakiyar damina, wata safiya bayan an ɗauke ruwa, Lantana ta aika a kira shi daga gona. Ya taho da sassarfa, fartanya a kafaɗa, ya tarar Guntuwa tana lasar wani jan maraƙi mai dogayen ƙafafu. Maraƙin ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya. Jaye ya durƙusa cikin taɓo, ya ɗora tafinsa a gefen ƙirjinsa, ya ji zuciya tana bugawa da ɗumi.

"Subhanallahi," ya ce. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

Kwana da kwanaki mutane suna zuwa kallo daga ƙauyuka, wasu a amalanke, wasu a kan moto. Da maraƙin ya kai wata bakwai, Lurwanu mahauci ya biyo ta gidan, ya shafa gadon bayansa, ya matsa cinya.

"Baba Jaye, wanga ai ya shekara."

"Watansa bakwai."

Lurwanu ya buɗe bakin maraƙin ya duba haƙora, ya ja da baya ya zauna a kan turmi, ya ce a ba shi labarin tun daga farko.