Sandar Casilda

Anselmo ya binne matarsa Casilda ranar Talata, ranar Juma'a ya koma kan hanya. Tare suka yi alkawarin zuwa Santiago a ƙasa, ziyarar kabarin waliyyi. A garin Baños zuciyarta ta tsaya, kan tsohuwar hanyar Rumawa. Yana gaba, kamar kullum. Sai da ya kai kan tudu ya lura ba ya jin sandarta.

Daga bakin gari hanyar shimfiɗe take da duwatsu, ƙafafu sun cinye su har sun yi santsi. Ran Juma'ar nan da rana tsaka ya ji. Ƙwas, ƙwas, ƙarfen bakin sanda a kan dutse, taku uku a bayansa. Bai waiwaya ba. Inda duwatsun suka ƙare kwalta ta fara, sai shiru. Ya juyo ya gangaro, sandar ta biyo shi.

Kwana tara yana hawa yana sauka. Masu ziyara a kan kekuna suna wuce shi, suna ɗaga masa hannu. A na goma ƙanwarsa Nieves ta tare shi da mota a bakin kwaltar.

"Yaya, ka zama jakin rijiya ne? Duk gari sun ce ka zare."

"Su ce."

"Mai masauki ta gaji da buga maka hatimin shaidar zango. Littafin ziyara guda, kowane shafi Baños!"

"Littafi biyu. Nawa da nata."

"To ka wuce Santiago ka sauke alkawari mana. In gwiwa ta ƙi, ga mota, mu tafi gida."

"Ba ta hawa kwalta."

"Wa?"

Nieves ta leƙa bayansa. Duwatsu ne da inuwar itatuwa. Duk da haka ta yi alamar gicciye.

"Yaya, Casilda tana maƙabarta. Da hannuna na sa mata takalmi."

"Shekara arba'in da shida ina gaba tana baya. Ban taɓa tsayawa na jira ta ba."

"Yanzu kuma sai ka jira ta har ka mutu?"

Ƙwas. Sau ɗaya, kusa, kamar mai jira ta gyara tsayuwa.

Nieves ta buɗe ƙofar motar. "Don Allah shiga."

Anselmo ya gyara hularsa, ya juya wa motar baya.

"Ba zan shiga ba."