Tsinin Kwalba a Ƙafar Auta

Inuwa yana cikin naɗa ƙahon dama na wani ɗan ragon kwalba ya ji kukan ragonsa na gaske. Narkakkiyar kwalba ce a bakin tsinken ƙarfen da ke hannunsa, ja wur, irin wadda in iska ta buge ta kaɗan sai ta sandare, amma ko ta kanta bai bi ba. Ya cusa tsinken a toka, ya tsallake zugazugi, ya yi waje.

Ragon, Auta, na tsaye a bakin rumfar aikin da ƙafa uku, ta huɗun a ɗage, jini na ɗiga. Ga faifan fasassun kwalabe nan a kife kusa da shi. Ba kowa ya ajiye faifan a ƙasa ba sai shi Inuwa, kuma shi ya bar ƙyauren rumfar a buɗe. Shekara ashirin da biyu ke nan da ya dawo Unguwar Sarki daga Bida, inda ya koyi narka kwalba a wurin Nufawa, kuma abin da suka fara koya masa tun kafin ya taɓa wuta shi ne ba a ajiye fasasshiyar kwalba a ƙasa. Sai yau, jajiberin Babbar Salla, ya manta.

Duwatsun wuya yake yi, amma nasa ba irin na kowa ba ne. Kunkuru ne, da zabo, da bushiya, da raƙumi mai tozo, kowanne bai wuce kan ɗan yatsa ba, da ƙofarsa ta zare. 'Yan koli na Babbar Kasuwa suna rububinsu. Akwai kuma zare guda da ba na sayarwa ba: duk ragon da ya kiwata don layya, ranar jajibere sai ya zauna ya yi kamarsa da farar kwalbar man shafawa, ya zura. Tara ne a zaren. Na Auta yake yi yau, hannunsa kuwa tun safe ba ya masa biyayya, don uwar ragon nan wurin haihuwarsa ta mutu, Inuwa ne ya raine shi da bulumboti a kan cinyarsa.

Matarsa Uwani ta fito daga madafi da taɓarya a hannu. Tana ganin jinin ta dafe ƙirji.

"Inna lillahi! Malam, ragon layyar?"

"Kawo mini tsumma. Ki aro baro a maƙwabta."

"Shekara uku muna cin na mutane," in ji ta, tana yaga tsohon zane. "Bana har na gaya wa maƙwabta su Ladi su jira ƙafa daga gidana. Na ce maka rago ba ɗa ba ne, ka sa masa suna wai Auta, kamar ni na haife shi."

Inuwa ya karɓi tsumman. Ya ɗaure ƙafar, ya ɗora ragon a baro, ya tura. Titi cike yake da raguna, kowa na jan nasa da igiya, shi kaɗai ne yake tura nasa kamar mai jego. Masu shagunan bakin hanya suka samu abin yi. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam Inuwa, a gaida Alhaji! Ba a samu mota ba ne?" Inuwa bai ji dariyar ba. Tsumman yake kallo yana ƙara rinewa.

Ya tarar da Ɗanjuma, malamin asibitin dabbobi, da makulli a hannu zai tafi hutun salla. Da ƙyar ya yarda ya sake buɗewa. Ya kwantar da ragon, ya zaro wani ɓallin koriyar kwalba daga tsakanin kofaton, ya wanke wurin, ya zuba aidin.

"Shi ke nan, na cire. Nan da yamma zai taka."

"Ka duba sosai, likita?"

"Haba Malam Inuwa, ga shi a hannunka. Ni ma fa ina da nawa ragon da ke jira na."

Aka yi azahar Auta bai taka ba. In ya gwada sauke ƙafar sai ya zabura ya ɗage ta. Uwani ta kasa zaune ta kasa tsaye, ƙarshe ta yafa mayafi ta je da kanta ta kira Malam Alhassan, mai makarantar allon da ke jikin gidansu. Tsoho ne mai son tsokana, sun shekara goma sha biyar suna ja-in-ja da Inuwa a kan sana'arsa.

"Kai da za a ce ka busa wa na kwalba rai ranar ƙiyama," in ji shi yana tuɓe takalmi, "ga mai ran ma ka kasa tsarewa."

"Allah gafarta Malam, kuskure ne."

Malam bai yanke hukunci da ido ba. Ya sa aka fito da ragon lungu, ya kwance tumakinsa biyu, ya kora su gaba. Tumakin suka wuce har bakin famfo. Auta ya yi tsalle uku ya tsaya yana haki.

"To kun gani. Gurgun da ba ya iya cim ma 'yan uwansa ba ya layya. Kwana uku ne dai ake yankan layya. In ya taka kafin rana ta faɗi ranar na ukun, ya yi. In bai taka ba, sai dai haƙuri, bana ta wuce ku."

Uwani ta juya ta shige gida. Inuwa kuwa wani sanyi ya ji ya sauko masa tun daga wuya har cikinsa. Murna ce, ba wani abu ba, kuma ya ji kunyarta har ya kasa haɗa ido da Malam. Ashe akwai hanyar da Auta zai ga bayan salla, shi bai taɓa kawo ta a ransa ba. Ya yi godiya, ya raka Malam ƙofar gidansa, ya dawo ya ɗauki ragon a hannu zuwa gindin darbejiyar cikin gida.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Auta ya kwanta, ya ƙi dusa, ya ƙi harawa, har kanwar da yake so ya kau da kai. In ƙuda ya sauka a ƙafar sai duk jikinsa ya ɗauki rawa. Inuwa ya san wannan rawar. Babu yatsansa guda da kwalba ba ta taɓa shiga ba, ya kuma san yankan da aka cire abin da ke ciki zafinsa lafawa yake yi, wanda ke ƙaruwa kuwa da saura. A faifan nan ba koriyar kwalba kaɗai ba ce, har da wadda ba ta da launi, wadda in ta shiga nama ko mai ido huɗu ba ya ganin ta.

Ya ɗauko allura ya gasa bakinta a garwashi. Ya matse ragon tsakanin gwiwoyinsa, ya kwance tsumman, ya kara kunnensa kusa da kofaton. Masu aikin kwalba ba da ido suke neman irin wannan ba, da kunne ne. Ya ja allurar a hankali cikin yankan, sau ɗaya, sau biyu. A na uku ya ji ta, ƙyas, ƙarfe ya gogi kwalba.

Ya janye hannunsa. Ɗanjuma ya ce ya cire. Malam ya gani da idonsa ya yi hukunci. Duk Kaduna babu wanda ya san da tsinin nan sai shi. In ya mayar da tsumman ya ɗaure, kwana uku kamar yau ne, ranar na huɗu da asuba sai ya zare abinsa, rago ya miƙe, kowa ya ce ikon Allah. Amma kwana ukun nan a jikin wa za su wuce? Wurin zai kumbura ya tara mugunya, dabbar da ba ta da bakin faɗa ta kwana uku da kwalba a nama, shi yana zaune yana kallo da faɗin sannu. Sannan ga Wanda ake yi wa layyar, Shi ba a ɓoye masa tsini.

"Ka ga wani abu ne, Malam?" Uwani ce daga bakin madafi.

"Ina dai dubawa."

Ƙarya ce ta farko, ya kuma ji ɗacinta a bakinsa. Ya ɗauki tsumman, har ya kai shi ƙafar. Yana taɓawa Auta ya saki wani siririn kuka, ba irin na rago ba, irin wanda yake yi yana ɗan kwana uku in madara ta yi jinkiri. Inuwa ya jefar da tsumman.

"Uwani, miƙo mini ƙaramin hantsakina, yana kan maƙera. Ki zo ki riƙe mini kansa."

Da hantsakin nan yake ja wa zomayen kwalba kunne, bai taɓa kuskure da shi ba, yau ma bai yi ba. Ya buɗa kofaton ya juya shi wajen rana, ya shiga, ya kama, ya jawo. Abin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Uwani ta sa ido ta kasa gani sai da ya ɗora mata a kan baƙin mayafinta.

Ya wanke wurin da ruwan gishiri ya ɗaure. Ragon ya ɗan jima a kwance, sannan ya yunƙura ya tashi. Ya sauke ƙafar yana shakka, ya ɗage, ya sake saukewa, ya bar ta a ƙasa. Ya taka zuwa kwanon dusa ya sa baki.

"Alhamdu lillahi!" in ji Uwani, har da tafi. "Kai, Malam, Allah ya yi wa hannun nan albarka. Da ba don kai ba da mun shiga uku."

"Amin," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ta shiga ɗaki da sauri, ya ji tana janyo kwalla daga ƙarƙashin gado. Ta fito da babbar wuƙa a naɗe cikin takardar siminti.

"Ungo. Musa mai washi yana bakin masallaci, ka hanzarta kafin layi ya yi tsawo."

Inuwa ya karɓa ya sa a hammata. Ya kai tsakar gida sai ya ji taku a bayansa, ya tsaya bai waiwaya ba, yana saurare da kunnen nan nasa da ba ya kuskure. Ƙafa huɗu ne, daidai wa daida, ko ɗingishi babu.