Matakala Ashirin da Biyu

Barci ya ɗauki Malam Haladu a kan kujerarsa ranar wata Alhamis, bayan sallar azahar. Shi ne shugaban ma'aikatan ƙaramar hukuma, ofishinsa kuma yana can saman bene. Ranar ya zauna da wani nauyi a ƙirji wanda ya kasa gane tushensa. Kwana uku ke nan, duk safiya, yana tarar da wani gurgu a bakin ƙofar sakatariya, zaune a kan kekensa na hannu. Kwana uku yana zuge gilashin mota ya ajiye masa sadaka a cinya ya wuce. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutumin bai taɓa yi masa addu'a ba. Sai dai ya ɗaga wata ambulan ya buɗe baki, kafin ya furta komai mota ta shige.

Idonsa ya fara lumshewa ke nan Baba Nomau, tsohon masinjansa, ya leƙo.

"Ranka ya daɗe, mutumin nan na ƙofa har yanzu yana nan. Iro sunansa. Takardar shaidar asali yake nema wa 'yarsa Barira, makarantar jinya ta ɗauke ta, gobe da hantsi ake rufe karɓa a birni. Ka san ƙa'ida, sai uba ya zo gabanka ya sa hannu. Shi kuwa ba ya iya hawowa."

"Mutumin ƙofa" kawai Malam Haladu ya ji, sauran maganar ta bi ta bayan kunnensa. "Ai na ba shi da safe," ya ce. "Ka ba shi haƙuri, sai kuma gobe."

Baba Nomau ya fita, ya ja ƙofa. Fanka na juyawa a hankali, barci ya idar da aikinsa.

Sai Malam Haladu ya ga kansa tsaye a gaban wani gari mai farar ganuwa. Haske ne ko'ina, amma babu rana a sama, babu inuwa a ƙasa. A bakin ƙofar garin wata tsohuwa ce tsaye riƙe da sanda. Ya gane ta tun daga ɗaurin zaninta: Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinsa, wadda ta makance a ƙarshen rayuwarta, ta kuma rasu shekara goma sha tara da suka wuce. Sunan mahaifinta aka sa masa, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Abba, ka iso?"

"Na iso, Gwaggo." Ya kai hannu zai kama gaban sandar ya ja ta, kamar yadda ya saba in ya zo hutu.

"A'a. Yau ni ce a gaba. Kama bayan."

Ya kama, suka shiga. Tafiya take ba tuntuɓe ba laluɓe, shi mai ido ne ke sassarfa.

"Gwaggo, Lahira ce wannan?"

"Wa ya isa ya nuna maka Lahira? Hisabi na Mai shi ne. Wannan gari ne da ake zaunar da kowa a ƙofar da ya gina wa wani, ya ga yadda take daga waje."

Unguwar farko duk gine-gine ne masu tsawo, kowanne da matakala a gabansa, kowane taki ya kai ƙirjin mutum. Manyan mutane ne cikin manyan riguna suke ta fafutukar hawa, suna dafa siminti da gwiwar hannu. Daga can sama ana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a kira sau uku, a wuce zuwa na gaba. Duk wanda ya samu ya haye taki ɗaya, sai biyu su tsiro a samansa.

"Su wane ne waɗannan?"

"Masu zana gini da masu sa hannu a kan zanen. Su ne suke cewa ginin hukuma sai da matakala yake da kwarjini. Ba mugunta ce ta sa su ba, Abba. Duk lokacin da suka rufe ido suka hango mai shiga ginin, mai ƙafa biyu lafiyayyu suke gani, irinsu. Yanzu ana nuna musu sauran mutanen gari."

Gaba kaɗan suka tarar da mutum guda a kan keken guragu, a gindin wani gangaren siminti mai santsi. Yakan murza keken da dukkan ƙarfinsa, ya kai rabi, ya zamo baya. A can ƙarshen gangaren kuma ƙofa ce a kulle, an jera mata tukwanen furanni.

"Amma wannan ai ya yi hanyar keke, Gwaggo. Me ya rage?"

"Ya yi. Hanyar da ko akuya sai ta tsaya ta yi shawara kafin ta hau. Ranar da baƙi za su zo duba gini aka zuba ta, aka ɗauki hoto, aka kulle ƙofar. Da ya kira mai keke guda ɗaya ya gwada kafin siminti ya bushe, da yanzu yana hutawa."

Suka bi ta wani dogon zaure mai tagogi. A kan benci mutane ne zaune da takardu a hannu. A cikin tagogin bakuna suna motsi, ana nuna su da yatsa, ana dariya, amma ko sauti ɗaya ba ya fitowa. Malam Haladu ya ga wata mata ta miƙe ta je taga tana nuna takardarta. Na ciki ya ƙara buɗe baki, jijiyar wuyansa ta tashi, sannan ya kaɗa mata hannu ta koma. Bai tambaya ba, Gwaggo ta amsa.

"Ma'aikatan taga ne. In kurma ya zo sai su ɗaga murya, in bai ji ba su ce taurin kai ne. Ana kiran layinsa da baki, ya yini a zaune har a tashi. Biro da 'yar takarda suna kan teburinsu kullum. Abin da ake buƙata ke nan."

Daga nan hanya ta ƙuntace. Lambatu ne a buɗe yake ratsa titi nan da can, an cire murafunsa, ga motoci an ajiye a kan hanyar ƙafa. Mutane suna tafe da idanu a buɗe amma ba sa ganin komai, suna miƙa ƙafa da tsoro. Nan Gwaggo ta rage sauri.

"Ka tuna hannuna na hagu da ba ya miƙewa?"

"Kin ce sanyi ne."

"Lambatu ne, a ƙofar asibitin hukuma. An ɗage murfin za a yi yasa, aka manta da shi wata huɗu. Kana makaranta lokacin, na hana a gaya maka. Wanda ya ɗage ya san ramin yana nan, sai ya ɗauka kowa ya sani."

Malam Haladu ya ƙara riƙe sandar, suka ci gaba.

Sun wuce ta gefen wani lambu mai sanyi, inda mutane kaɗan suke kishingiɗe a kan tabarmi, ruwa na gudana kusa da su. Ba su da kamar manya. Gwaggo ta nuna ɗaya da haɓa. "Wancan maigadi ne, katako biyu ya samo ya jingina a dakalin ofis. Waccan akawu ce, duk wanda ya kasa hawowa takan sauko masa da littafi. Ba wanda ya umarce su, ba wanda ya yaba musu."

Ya so su ɗan tsaya, ta ja shi gaba. Suka ratsa wani ɗaki inda shugabanni suke jere suna jiran a saurare su. Duk wanda layi ya zo kansa, sai wani hannu ya rubuta masa a goshi, "A ajiye sai an samu hali," ya koma ƙarshen layi. Malam Haladu ya sunkuyar da kai. Akwai wasiƙa a ofishinsa daga ƙungiyar masu buƙata ta musamman, suna roƙon hanyar keke da tebur guda a ƙasa. Kalmomin nan ya rubuta a kanta, da jan biro, bara.

A ƙarshen garin akwai wata ƙofar ƙarfe, irin ta sakatariyarsu sak. A bakinta mutane ne zaune a ƙasa, masu tsabta da kamala, kowa da ambulan a hannu. Motoci suna wucewa, kowace ta zuge gilashi, hannu ya fito ya ajiye musu kuɗi a cinya. Kuɗin ya taru har ya danne su. Da zarar ɗaya ya buɗe baki, sai a ce masa, "Allah ya ba da haƙuri," mota ta shige.

"Waɗannan fa? Ban ga alamar zalunci a fuskarsu ba."

"Masu kyauta ne. Kowa ya shaide su da alheri."

"To sadaka laifi ce, Gwaggo?"

"Sadaka haske ce, kada ka fasa. Amma waɗannan in suka ga gurgu ko makaho a ƙofar hukuma, ba ya zuwa ransu cewa aiki ya kawo shi. Mutum ya zo karɓar haƙƙinsa, sai su mayar da shi mabaraci, su wuce suna jin daɗin kansu. Mai matakala ya tare hanya da siminti. Su kuwa da alheri suka tare ta, shi ya sa ba sa gane sun tare."

A tsakiyar layin akwai wuri guda babu kowa. Gwaggo ta zare sandar daga hannunsa a hankali.

"Zauna, Abba."

Ya zauna. Ya nemi ƙafafunsa ya rasa. A hannunsa ga ambulan, a bayanta an rubuta sunan 'yarsa ta fari, Rumasa'u. Ya san, yadda ake sanin abu a mafarki, cewa in aka rufe ƙofar nan takardar ba ta shiga ba, shekarar yarinyar ta tafi. Mota ta taho, ya gane lambarta, tasa ce. Gilashi ya sauka, hannu ya fito sanye da agogon da ya sani da zoben azurfar da ya sani. Ya ɗaga ambulan, ya tattara murya zai ce magana ce kawai, minti ɗaya. Takardar kuɗi ta sauka a cinyarsa, mai nauyi kamar bulo. Mota ta shige. Maigadi ya fara jan ƙofar.

"Gwaggo, har yaushe?"

"Waɗannan lokacinsu ya ƙare. Kai an bar maka la'asar."

Ya farka da kiran sallar la'asar a kunnensa, rigarsa ta jiƙe da gumi. Abu na farko da ya yi shi ne motsa yatsun ƙafarsa. Sannan maganar Baba Nomau ta dawo masa gaba ɗaya, kalma bayan kalma, kamar yanzu ake faɗinta. Ya ɗauki littafin rajista da hatimi da biro ya fita. Shekara tara yana hawa da sauka a benen nan, ranar ce ya fara ƙirga matakalar. Ashirin da biyu.

Iro yana gindin darbejiyar bakin ƙofa, ya juya kekensa zai tafi. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa duk tabon ƙuna.

"Malam Iro, dakata don Allah." Malam Haladu ya tsuguna a gabansa, maigadi na kallo da mamaki. "Kwana uku kana yi mini magana ban saurare ka ba. Ka yafe mini."

Iro ya dube shi na ɗan lokaci. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar leda a ƙulle, ya miƙa masa.

"Ga ajiyarka, ranka ya daɗe. Ban taɓa ba. Ni mai walda ne, ina da shago a bakin tasha. Kwana uku ke nan yana kulle."

Malam Haladu ya karɓa, kunya ta hana shi ɗaga ido. Ya buɗe littafin a kan gwiwarsa, ya duba takardun Barira ɗaya bayan ɗaya, ya cike shaidar. Iro ya sa hannu da rubutu mai kyau, hatimi ya sauka.

"Motar asuba za ta kai ta a kan lokaci?"

"In Allah ya yarda. Tun shekaranjiya jakarta take ɗaure, uwarta sai tambayata take ko hukumar ta ƙaura ne." Ya sa takardar a ambulan, ya cusa cikin riga. Sai ya ɗaga haɓa wajen benen. "Ƙarfen nan da kake dafawa in za ka hau, yana girgiza?"

"Ko kaɗan."

"Ni na yi waldarsa. A ƙasa na haɗa shi, aka ɗauka aka kafa. Ban taɓa ganin inda ya ƙare ba."

Malam Haladu ya juya ya dubi ƙarfen, tun daga taki na farko har inda ya ɓace a kwana.

"Za a yi hanyar keke," ya ce. "Ba za a zuba siminti ba sai ka zo ka duba gangaren, kai da wasu daga ƙungiyarku. Za a rufe lambatun da ke gaban sakatariya, a ajiye biro da takarda a kowace taga."

"An sha faɗa mana haka, ranka ya daɗe," in ji Iro, ba da zafi ba. "In na ga yashi a ƙofar nan, zan zo." Ya murza kekensa ya hau titi.

Bayan an idar da la'asar Malam Haladu ya sa aka buɗe ɗakin ajiya na ƙasa, wanda tsofaffin kujeru suka cika, aka fara fitar da su don ya zama ofis. Ya hau sama ya zaro wasiƙar bara, ya soke jan rubutunsa, ya sa ta a aljihu. Baba Nomau ya tsaya yana auna teburin ofis da ido.

"Ranka ya daɗe, teburin nan da nauyi, matakalar kuma ga ƙunci. Mu bari sai Litinin a samo leburori."

"Akwai masu zuwa gobe, Baba," in ji Malam Haladu. Ya naɗe hannun rigarsa, ya kama gefe ɗaya. "Kama can. Ni zan bi ta ƙasa."