Dangwale a Mashigin Kwandiko

A shekarun da kuɗin mai suka fara leƙo ƙauye, Maikano na Kwandiko ya sayar da maraƙinsa ya sayi garmar shanu a hannun Sada, wakilin wani kamfani mai shago a Birnin Kudu. Sada ya miƙo masa takarda cike da Turanci ƙanana-ƙanana.

"Me ta ce?" in ji Maikano.

"Ƙa'ida ce kawai, Baba. Kowa dangwalawa yake."

Ya dangwala, aka ba shi garmarsa.

Kwana huɗu da fara huɗa, bakin garmar ya tsage. Da ya kai ƙorafi, Sada ya nuna masa yatsansa a takarda, ya ce ai nan ya yarda kayan da suka fita ba sa dawowa. Maikano ya koma gida ransa a ɓace. Damina na gudu, maƙwabta sun kusa gama huɗa, gonarsa kuwa ciyawa ke ta shagali, bijimansa biyu na kwance suna tuƙa.

Ran kasuwar Gwaram aka yi ruwa da safe. Motar Sada, maƙare da sababbin garemani, ta kafe a mashigin rafin bayan gidan Maikano. Ba ta fita sai an jawo ta da shanu, ga shanun kowa na gona. Na mutum ɗaya ne ba su da aiki, Sada kuma ya san dalili.

Daɗi ya kama Maikano, amma ya ɓoye. Ya tako a hankali, ya ja gaisuwa har da ta kakanni, laka na ta haɗiye taya. Sannan ya zaro takardar kamfani, ya juya bayanta, ya ari biron Sada ya yi rubutun ajami, shi ma ƙanana-ƙanana. Sada kuwa tun da ya shiga boko ya yi sallama da ajami.

"Me ka rubuta, Baba?"

"Ƙa'ida ce kawai. Kowa dangwalawa yake."

Ruwa ya fara taɓa ƙofar mota. Sada ya tsoma yatsa a laka ya dangwala.

Bijimai suka fizgo motar waje. Maikano ya hau baya, ya ƙwanƙwasa garemani ɗaya bayan ɗaya, ya sauke mai kauri, ya sa aka ɗora tsagaggiyar a gurbinta.

"Iyakar abin da ke ciki ke nan?" Sada ya tambaya.

Maikano ya ninke takardar ya cusa a hula.

"Layin farko ke nan. In wannan ta tsage, zan zo in karanta maka na biyu."