Zaren da Dogo Ya Leƙa

Dogo, mai gyaran layin intanet, bai ji zafi ba ko kaɗan. Yana tsugune gaban akwatin ƙarfe a bakin titi, ya saka bakin wani zaren fayiba, irin mai kai intanet ta hanyar haske, a madubinsa mai ƙara girma, ya kanga a idon dama don ya ga ko da datti. Da ya ɗago, sai ga wani ɗigo ruwan toka a tsakiyar duk abin da ya kalla. Ya ƙifta, ya murza, ɗigon nan ko gezau.

Laifin madubin ne, da kuma taurin kan Dogo. A wurin aiki an ba su sabo mai nuna hoto a waya, shi kuwa ya ce ya fi yarda da idonsa. Dama haka suka saba: a kira na ofis ya kashe layi, sannan a leƙa. Yau ma ya kira, na ofis ya ce, "An kashe." Yana mayar da zaren wurinsa, sai ga mai shagon da ke bayansu yana kallon ƙwallo a wayarsa, da layin da aka ce an kashe!

Nan Dogo ya gane abin da ya same shi. Hasken da ke gudu a fayiba ido ba ya ganinsa, balle ya ƙifta ya kare kansa.

"Yaya, zo," ya ce.

Abokin aikinsa, wanda ake ce wa Rediyo saboda bakinsa ba ya hutawa, ya sauko daga tsani yana tsiya. "Kai da Allah ya ba tsawo, ni ne mai hawa, kai ne mai tsuguno?" Da ya ji abin da ya faru, dariyar ta ɗauke.

"Kwantar da hankalinka, ƙanena. Wane zare ka leƙa?"

Nan maganar take. A cikin akwatin akwai 'yar na'urar raba haske, ba ta fi yatsa ba. Zare ɗaya ke shiga ta da cikakken haske daga ofis, an ma ƙara masa ƙarfi saboda nisa. A ciki hasken ke rabuwa, ya fita ta zare talatin da biyu, kowane gida da ɗan kasonsa. In na fita Dogo ya leƙa, da sauƙi. In na shiga ne, hasken unguwa guda ya juye a ido ɗaya.

"Wallahi ban sani ba, Yaya. Duk rawaya ne."

Rediyo ya kama zaren da yatsa biyu, ya fara bin sa cikin curin wayoyin. "Na fita ne mana, ai kai ba yaro ba ne. Ka ga, ga shi ya yi ƙasa, wajen na gidaje..." Dogo na ta salati a zuci. Tsoro dai ya ji shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Yatsun suka wuce jerin na gidaje, suka zagaya bayan na'urar, suka tsaya inda zare ɗaya tak yake, na shiga. Rediyo ya sake shi a hankali, ya juyo, ya dafa kafaɗar Dogo.

"Rufe idon hagun, ka dube ni. Me ka gani?"

Dogo ya rufe, ya daɗe yana kallo.

"Kunnuwanka kawai nake gani, Yaya."