Rumbu Bakwai na Ɗantani

Lokacin aikin dam ɗin Bakolori, da aka hana manoma shuka, Yunana malamin jami'a ya zo wani ƙauye kusa da Bakura yana bincike kan yunwa. Duk wanda ya tambaya sai ya ce masa "sai godiya", don haka ya koma ƙirga rumbuna. A gidan tsoho Ɗantani kaɗai ya ga bakwai, sun sha sabon yaɓe da jinka. Ya rubuta cewa ƙauyen a wadace yake.

Takardar ta fito a wata mujalla, ta yi farin jini. Masana har na ƙasashen waje suka riƙa kafa hujja da ita.

Bayan shekara uku Yunana ya dawo da mujallar, ya fassara wa Ɗantani shafin. Tsohon ya kama hannunsa, ya kai shi gindin rumbun farko.

"Ƙwanƙwasa, ɗana."

Rumbun ya amsa kamar ganga. Haka na biyu, har na bakwai.

"Tun wancan zuwan naka haka suke," in ji Ɗantani. "Tafasa muka ci waccan shekarar."

"To, Baba, me ya sa kake yaɓe su?"

"In na bari suka zube, ai kowa ya ga asirin gidana. Don idon maƙwabta na yi, ban san har Turai za a gani ba."

Ya shafa mujallar a hankali, babu alamar fushi.

"Ɗana, masu motar hatsin agaji da suka wuce mu ba su tsaya ba, su ma sun karanta?"