Hotunan Wayar Manu

Sharhabilu mai gyaran waya ya ɗora bakin mita a kan sili na goma sha ɗaya na wani sikirin waya, mitar ta yi gum. Ya ja tsaki. Tun hantsi yake fama a rumfarsa ta kasuwar Mafara, har ya sallami mutum uku ba tare da ya duba wayoyinsu ba.

Wayar da ke gabansa ta Manu ce, makiyayin Gidan Goga da 'yan bindiga suka kashe da damina suka kore shanunsa. Matarsa Taibatu ce ta kawo ta ƙulle a bakin zani, sikirin ya farfashe, wurin caji ya ci tsatsa. Ba ta da hoton mijin ko guda, shi take nema.

An daina kawo irin wannan sikirin, sai Sharhabilu ya ɓalle na wata matacciyar na'urar cire kuɗi. Girman ya yi daidai, amma silayensa ashirin da huɗu ne, sirara kamar gashin masara, kuma ba takardar da ta nuna aikin kowanne. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa yana zanawa a bayan kwali: wannan na wuta, wannan na haske, wannan Allah kaɗai ya sani. Shi da yake cika baki cewa ba wayar da ta gagare shi, yau gumi yake yi, tsoro ya kama shi.

"Malam, motar Maradun ba ta wuce la'asar," in ji Taibatu. "Ka san halin hanya."

"Na sani, baiwar Allah. Ƙara haƙuri kaɗan."

Ya sauya sili biyu ya liƙe da dalma. Na ƙarshe ya ƙi kamawa, sai ya danne shi da farce. Sikirin ya yi fari, ya yi zane-zane, sannan rubutu ya fito. Da ɗaya hannun ya buɗe hotuna.

Farar saniya. Bijimi. Maraƙi a bakin ruwan Bakolori. Hoto sittin da biyu, duk shanu. Manu shi ke ɗauka, bai taɓa juya wayar ga kansa ba.

"Babu shi ciki," in ji Sharhabilu.

"Koma baya. Wanga." Ta matso. A gefen hoton, hannun mutum ne dafe da wuyan bijimi, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa. "Hannun Manu na."

Sharhabilu ya ce, "In na ɗaga yatsana, sikirin zai mutu. Ban san ko zai sake kamawa ba."

Ta durƙusa ta zuba wa hoton ido. Can bakin titi direban Maradun ya danna oda, ya sake dannawa. Yatsan Sharhabilu ya fara gajiya, ya sa ɗaya hannun ya tallafe shi.